Ƙofar Hagu

Don gefen dama na kawo ta,
inda amalanken jaki ya goge ta
bakin kasuwar Tawa, ranar Lahadi.
Jikka talatin da biyar muka shirya.
Tankari ya ce kwana uku.
Na ba shi tara.

Dama ta yi sumul, har ina ganin goshina.
Amma ga ƙofar hagu a lotse,
kamar an danna yatsa a malmalar tuwo.

"Hajiya, ai da shi ta zo."

Da shi ta zo?
Motar mijina ce, Allah ji ƙansa.
Na san tabonta kamar na ɗiyana:
wannan dutsen hanyar Keita ne,
wancan ƙahon sa ne a Badagishiri,
ranar da ya hana ni tuƙi, ya tuƙa.
Wannan kuwa baƙo ne.
Ko tsatsa bai yi ba.

Tankari ya rantse da abincin bakinsa.
Masu shayi suka aje kofi,
kowa ya zama alƙali.
Na ambaci kamisariya, murya na rawa.

Sai na hango yaron, Illa,
bayan tulin tayoyi,
yana murza tsumma a hannun da ba datti,
idonsa kan bel ɗin maigida.

Na haɗiye sauran maganar.
Na ƙirga talatin, na riƙe biyar.
Tankari bai ce cika ba.

Har yanzu in na rufe ta
sai na ƙara da kafaɗa.