Kalma Goma Sha Biyu

A Tromso, tun ƙarshen Nuwamba rana ta yi ƙaura,
ba ta leƙowa sai Janairu ya tsufa.
Ni, Gunnvor, sakatariyar sashen nazarin halayyar ɗan Adam,
na kunna fitila da hantsi
na karanta umarnin shugaba:
kowane malami ya faɗi abin da yake bincike
cikin kalma goma sha biyu, kada ya zarce.

Dakta Eilif ya ba ni tara:
"Barci, hasken rana, da agogon jikin masunta a teku."
Bai rubuta shekara shidan da ya yi yana bin jiragen kamun kifi ba,
yana ɗaura wa ƙarti na'ura a wuyan hannu,
yana kelaya amai a bokiti, su kuwa suna shewa.
Har gobe, in an ɗumama kifi a ɗakin shayi,
sai ya ɗauki kofinsa ya fice.

Farfesa Oddny idon jarirai take bi:
ina suka kalla, daƙiƙa nawa,
fuskar uwa ko jar ƙwallo.
Ran Talata baranda kan cika da kekunan jarirai,
ƙanƙara na narkewa daga tayoyi,
ni ke goge ruwan kafin wani ya zame.
Ta ce jariri kan daɗe yana duban abin da ya ba shi mamaki.
Na ce, ai mu ma ba mu daina ba.

Sai Ante, jikan makiyayan barewar arewa,
mai zaga gidajen tsofaffi da rakoda a aljihu
yana tambayarsu da wane harshe suke mafarki,
na tsakar gida
ko wanda aka ɗura musu a makarantar kwana.
Kalma talatin da ɗaya ya kawo.
Na ce rage.
Ya ce, wacce zan yanke? An riga an yanke musu da yawa.
Na buga ta yadda take.
Shugaba ba ya ƙirgawa.

Ɗaki na ƙarshe, kusa da matakala,
na Farfesa Halvard ne.
Shekara ashirin da takwas yana sa mutane haddace sunaye
sannan ya jira, awa ɗaya, mako ɗaya, shekara,
ya ga nawa suka zube a hanya.
Shi ya koya min cewa ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce,
ɗinki ce, kullum ana warwarewa ana sakewa.
Ran Litinin ya ajiye min takarda, kalma ɗaya tak:
"Mantuwa."
Na yi dariya, na ce ka bar wa Ante sauran.

Ran Laraba ya dawo, hula cike da ƙanƙara,
ya ce, gafarta min, na makara.
Takarda iri ɗaya, rubutu iri ɗaya.
Na karɓa, na yi godiya.

Jiya ma haka.
Ya tsaya yana duban fuskata
kamar jariran Oddny,
ya daɗe,
sannan ya ce, Gunnvor,
yadda mutum kan dafa bango in ya yi tuntuɓe.

Gida cike da masana,
kowa da ma'auninsa, kowa da jadawalinsa,
ba wanda ya gani sai mai buga takarda.
An ce wanzami ba ya son jarfa.
To wa zan fara gaya wa?
Shugaba? Matarsa, Bergljot, mai aiko min biskit duk Kirsimeti?
Ko shi, wanda ya fi kowa sanin sunan abin?

Takardu uku na kwance a aljihun tebur, ƙarƙashin ambulan.
Taga baƙi ƙirin, ƙarfe biyu na rana.
Ga takun takalminsa a baranda,
yana tahowa a hankali,
da wata farar takarda a hannu.
Na gyara zama.
Na shirya godiya.