Mai Faci

Shekara talatin da ɗaya a bakin titin Aboabo
ina tsoma tib cikin bokitin ruwa,
ina jiran ƙwayar kumfa ta tona asirin ƙusa.
Kunnena ya san kukan iska mai gudu
ko da trotro goma na ihu a kaina.
Direbobi suka raɗa mini Tanimu Ba-Yoyo,
ni kuwa na amsa, har da gyara hula.

Sai bara, bayan ƙaramar salla,
likitocin Komfo Anokye suka buɗe ni,
suka yanke abin da ya ruɓe,
suka fito da bakin hanji gefen cibiya,
ja wur kamar ɓarin goro,
suka manna masa jaka, suka ce in tafi gida.

Daren farko ta tsiyaya.
Dare na uku ma.
Fatar wurin ta saluɓe,
tana raɗaɗi kamar an shafa mata shito.
Sahura takan wanke zanen gado tun kafin asalatu,
kafin matan gida su yi layi a famfo.
Ba ta taɓa cewa uffan ba.
Sabulu ne kawai yake ƙarewa.

Na bar sahu.
Ladan na kira, ina amsawa daga bayan labule.
Wanda ya toshe hujin Kumasi kaf,
ga nasa ya gagare shi.

Wata Laraba nas Abena ta sa ni zama,
ta ce in sunkuya, ta duba, ta nuna da ɗan yatsa:
“Papa, cikinka ba allo ba ne.
Ga tudu, ga kwari. Ta nan ruwan ke bi.”
Ta ɓare takarda, ta ciro wani zobe
mai laushin kakin zuma.
“Ɗumama shi a tafinka.
Bari fata ta bushe sarai.
Ja shi ya rungumi bakin,
kada ka bar ko kafar allura,
sannan jaka ta hau. Danna, ka ƙirga sittin.”

Na yi dariya har ɗinki ya motsa.
Ai karatun da nake biya wa yarana ke nan:
goge, busar, jira, danna.
Gaggawa ce uwar yoyo.
Shekara talatin ina faɗa wa roba,
yau an faɗa wa namana.

Yanzu da hantsi, kafin koko ya ratsa ciki,
nakan rufe ƙofa, in jingina madubi da buta,
in murza zoben da babban yatsa
yadda nake murza bakin faci.
Guda ɗaya kuɗin taya huɗu ne.
Ɗana Issaka ke saƙo su a motar Accra,
in sun yi ƙasa, sai in raba ɗaya biyu
in cike kwarin kaɗai.

Liman ya ce lalura na da hukuncinta:
yi alwala, ka shigo.
Ran Juma'a na shiga,
na zaɓi gefen bango, kusa da ƙofa.
Ruku'u. Hannuna na son zuwa ya lalubo, na hana shi.
Sujada, inda ciki ke ninkewa,
inda duk facin banza ke ɗagawa.
Na daɗe a ƙasa.
Ban ji komai ba
sai ƙamshin turaren na kusa da ni
da sanyin tabarma a goshi.

Da aka sallame, Mumuni direba ya dafa kafaɗata.
Na ce shi ke nan, ya ji.
Sai ya ce, “Ba-Yoyo, ina ka shige?
Tayata ta baya tana sacewa tun watan jiya.”

Na ce ya kawo ta gobe.
Kuma kada ya zo da sauri.