Haƙori a Mara

Wata goma sha ɗaya ina ɗauke da shi,
bai taɓa shuri ba.
Matan Garin Malam suka ce kwantacce ne,
na sha sassaƙe har harshena ya yi kanta.
Ilu ya sayo rago,
ragon ya yi ƙiba, ya gaji da jiran suna.

Ran Talata na hau kabu-kabu,
muka bi ta gindin duwatsun Birni,
kowane rami sai ya gaisa da ƙuguna.

A asibiti suka ce in sha ruwa, kada in zaga.
A garin da muke sayen ruwa da jarka
na shanye gora biyu, na zauna ina matse ƙafa.

Ɗakin eko duhu ne.
Likita Yagana ta shafa mini abu mai sanyi kamar kokon jiya,
ta bi cikina a hankali
yadda nake laluben gindin tukunya in ji ko ta tsage.
Allon ya kawo toka-toka,
hadarin da bai yanke shawara ba.
Na nemi kai. Na nemi ƴan yatsu.
Ta yi shiru, ta koma baya, ta sake yin shiru.

"Kubura, mahaifarki babu kowa.
Abin yana gefe, jikin ƙwan hagu."
Ta ce eko ya ga inuwa, bai ga mai inuwar ba,
sai an shiga sikana.

Ragon ya tafi Kasuwar Dole.
Sau biyu wuta na ɗaukewa kafin a tura ni cikin zoben.
Murya ta ce: riƙe numfashi.
Na riƙe, har da addu'ar da ke bakina.

Ta ɗaga hoton a fuskar fitila.
Ga ni nan an yanka faifai-faifai, ba jini.
"Wannan kitse ne. Wannan gashi.
Farin ɗigon nan kuwa, haƙori."
Na kai harshe na ƙirga nawa.
Ta yi dariya: "Ba naki ba ne, ba na kowa ba ne.
Ƙari ne. Da alama ba mai yaɗo ba,
amma sai an cire an auna zan rantse."

Litinin ta sama za a yi aiki.
Na tambaya ko za su ba ni haƙorin.

Ilu yana waje bisa benci,
ya riƙe hoton a kife,
yana neman inda ya yi kama da shi.