Harafin Da Ba Ya Magana

Ranar Litinin take zuwa da ita,
'yar takarda an ninke ta huɗu,
kalmomi goma na Turanci
da hannun Anti Bukola.
Zuwaira ta manna ta a bango da guntun teba,
tsakanin kalandar masallacin Agege
da ƙusar da nake rataye hula.

Jumma'a za a gwada su.

Ni karatuna daga dama ya taso,
ita nata daga hagu,
sai muka haɗu a tsakiyar tabarma.
Boko dai na san lambar mota,
na san sunan maigida a jikin ambulan,
nan igiyata ta ƙare.
Amma ƙidaya ba ta da yare.
Sai na sayo gyaɗa ta naira ɗari:
ta faɗi harafi, in ajiye ƙwaya,
in ta gama in ɗaga takardar
in ƙirga baƙaƙen da yatsa.
In sun yi daidai, ta cinye.
In ba su yi ba, Sagir ya cinye,
shi da ko hancinsa bai iya sharewa ba.

Talata lissafi ya shigo tsakani.
Wai wata mata ta sayi lemo goma sha biyu
ta raba wa yara uku.
Uwarsu daga bakin risho ta ce,
a Legas ɗin nan? A gaishe ta.

Daren Laraba aka ɗauke wuta.
Janareton Baba Ibeji ya hau tari,
ruwa yana dukan kwano,
can bakin titi yaron danfo
bai gaji da kiran Oshodi ba.
Na riƙe fitilar waya da haƙori.
Kalma ta bakwai wuƙa ce, in ji ta.
Ta jero huɗu.
Na ƙirga biyar.
Ta sake, huɗu.
Na ce, akwai wani tsaye a gaba, dogo,
ƙafa ɗaya a miƙe, hannu a waje,
kin wuce shi ko sannu babu.

Ta ce, Baba, wannan ai ba a faɗinsa.
Anti ta ce yana nan ne kawai.
Ba ya magana.

Na cire wayar daga baki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan
ina bakin wata ƙofa a Ikeja.
In buɗe, mota ta shige,
in rufe.
Baƙi su karanta gidan tun daga fulawa har bene,
ba mai farawa da ni.
Na ce, yarinya, wannan abokin aikina ne.
Ba a kiransa, amma ki bar shi a gida ran Jumma'a
ki ga abin da jan biro zai yi wa kalmar.

Ta yi dariya har gyaɗa ta sarƙe ta.

Jumma'a bayan an sauko,
ta shigo da safa ɗaya a hannu.
Takwas cikin goma.
Biyun da suka faɗi ban san laifinsu ba,
ta ce tagwayen baƙi ne, ta rubuta ɗaya ta manta ɗan'uwansa.
Na bi layi da yatsa zuwa na bakwai.
Yana nan tsaye.
Ta zana masa hula da fensir,
har da ɗan lanƙwasa irin tawa.
Anti ta kewaye hular da ja,
ta sa alamar tambaya a gefe.

Me kika ce mata?
Na faɗa mata da Yarabanci, Baba,
don ta fi ganewa.

Ƙarfe shida na ɗauki tocila,
na zuba ragowar gyaɗar a aljihu.
Tabon teba yana bango,
yana jiran Litinin.