Ƙwallon Jatau

A ƙasan adakar kakana, bayan sadakar bakwai,
muka tarar da wata fata ta motse, ɗinkinta ya saki.
Goggo Tabawa ta ce a jefar.
Na ce a bari.

Ƙwallo ne, amma ba irin namu ba.
Siffar ɗan kuka gare shi, tsini biyu, ba gaba ba baya.
In ya taɓa ƙasa shi ke zaɓen inda za shi,
kamar akuyar da ta tsinka igiya.

Jatau ɗan Gangare,
lebura mai kwano a ramin kuza na Bukur,
sule shida a mako in awo ya cika.
Wani Bature ɗan Ostareliya, ana ce masa Mai Lofe,
shi ya zo da abin cikin akwatin kayan awo.
Ranar Asabar in an tashi daga biya
sai ya kafa gwangwala huɗu a kowane ƙarshen fili,
biyu dogaye, biyu gajeru,
ya ce ku cafe, ku harba, ku naushe shi in kun so,
amma kada wanda ya jefa.

Sha takwas ake nema a ɓangare.
Ba su taɓa cika sha ɗaya ba.
Akwai Dalyop mai faɗin kafaɗa,
akwai Okoro akawu da ba ya cire hula,
da Tanimu, da wani Bazabarme da sunansa ya ɓace.

Jatau ba ya gudu, jira yake.
In ƙwallo ya yi sama sai ya taka bayan Dalyop,
gwiwa kan kafaɗa, ya miƙe,
ya tsinko shi kamar mai tsinkar mangwaron maƙwabci.
Wuyan da ya wuni ƙarƙashin kwanon laka
ya ɗaga, ya ga duwatsun Shere.
Mata masu wankin kuza suka yi guɗa,
Dalyop ya zage shi da Birom, yana dariya.

Shekara bakwai ke nan.
A ta takwas gefen rami ya zabtare,
ya ci gwiwarsa ta hagu, ya ci Tanimu gaba ɗaya.
Mai Lofe ya hau jirgin ƙasa,
ya bar ƙwallo, ya tafi da famfon hura shi.

Da aka koma ƙwallon kowa da kowa
sun sa shi tsaron gida, don nan kaɗai hannu ke halal.
Ya cafe, ya manta, ya ruga da shi tsakiyar fili.
Alƙali ya busa usur har ya gaji.
Bai sake komawa ba.

Ni a Farin Gada na san shi, bayan buhunan dankali,
yana ɗingishi, yana ƙirga canji sau biyu.
Wata rana na wurga masa lemo don tsokana,
ya wuce kansa,
hannun nan mai rawa ya tashi shi kaɗai
ya ɗauke shi daga iska. Bai ko duba ba.

Filin yanzu kududdufi ne, ruwa kore, ba a shiga.
Babu hoto. Babu takardar da ta san sunansa.

Jiya na kai fatar wurin mai faci a Dilimi.
Ya jujjuya ta, ya sa baki ya hura,
ya ce malam, wannan ba ta riƙe iska.
Na biya shi duk da haka,
na dawo da ita a hammata.