Maɓallin Jar Mota

Da igiya suka jawo ta ranar Talata,
bayan ruwan Legas ya gama masifarsa.
Ja wur, gajeruwa, cikinta na shafar ƙasa,
kujera biyu tak, kamar mai ƙin baƙi.
Ƙofar garejinmu na Agege akwai ɗan tudu,
sai da muka shimfiɗa katako ta yarda ta shigo.

Mai ita ta sauko daga tasi da lema,
Madam Morenike, furfura ƙarƙashin ɗankwali.
Ta ce, "Malam Jatau, ta maigidana ce.
Shekara biyu tana kwance cikin tamfol.
Na danna, na danna, ko tari ta ƙi yi."

Batir na caja. Fis lafiya lau.
Na kwance kan batir tukuna,
don wuta ba ta san tsohon hannu ba.
Na kwanta rigingine, ƙafafu a waje,
tocila a baki, kai ƙarƙashin sitiyari,
inda ba mai ganin gumin mai wayarin.
Na naɗe bakin sukudireba da tsumma,
na ɓamɓare murfin sannu, kamar mai cire ƙaya.
Soket ya yi kore shar.
A garin nan har gishirin teku
ɗaki yake kamawa, kuma ba ya biyan haya.

Maɓallin ya faɗo tafin hannuna.
Bai fi murfin kwalbar lemo ba.
Rubutun kansa ya goge ta gefe guda,
daidai inda babban yatsa ke sauka.
Wani ya danna nan sau dubu nawa,
da asuba, da fushi, da sauri, da murna?
Ban tambaya ba. Ba aikina ba ne.

Na aiki Ƙasimu Ladipo.
Gosulon Oshodi ya cinye masa azahar,
ya dawo da mai haƙori shida, namu takwas ne.
Ya koma yana ƙunƙuni.
Chidubem ya rantse a waya, ya ƙara dubu uku.
Na biyun ya shiga raminsa, ƙas!
Ba sautin da ya fi wannan daɗi a sana'armu.

Na ɗaura batir. Na goge hannu. Na danna.
Fitilu sun kama, allura ta motsa,
inji kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu.
Na sake. Shiru.
Shekara talatin ina bin jijiyar mota,
ga yara na kallo, ga mai shayi ya leƙo.
Gumin da ya zubo min ba na zafi ba ne.

Daga kan benci ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba,
"Ka taka kuloci?
Shi yakan ce ba ta jin yatsa
sai ƙafa ta sa baki."

Motocin yanzu sun sangarta ni.
Na mayar da giya firi, na taka har ƙasa,
na danna.
Kwanon rufi ya amsa. Kaji suka watse.
Ƙasimu ya yi ihu kamar shi ya ƙera ta.

Ta biya, ba ta nemi ragi ba,
sai ta miƙo hannu: "Tsohon fa?"
Na tsamo shi daga gwangwanin tarkace.
Ta ɗora yatsanta kan gurbin da ya goge,
ya yi mata yawa.
Ta ƙulle shi a bakin hankici.

Giya ɗaya, motar ta yi tsalle ta mutu.
Ba wanda ya yi dariya.
Ta taka, ta danna, ta saki ƙafa sannu,
ta gangara kan katakon, ta shiga titi.
Na ji ta sa ta biyu. Na ji ta uku.
Ta huɗu, hon ɗin danfo ya haɗiye.

Lemarta na nan jikin benci.
Na rataye ta kusa da sifanoni.