Kuskuren Mati

Mu biyar ne. Yanzu saura uku da rabi,
don Bitrus ɓarin jikinsa ya riga shi tafiya:
hannun da ya ja igiyar bes shekara ashirin da ɗaya
yau kofin shayi ma sai an tallafa masa.
Barau mai ƙaho yana kwance bayan gari,
ƙahon na rataye a ɗakin ɗiyarsa, zanzaro ya yi gida a ciki.

Guguwar Marusa, haka aka rubuta a jikin motarmu,
wata Fijo da ba ta tashi sai an tura.
Mun tura ta zuwa Funtuwa, mun tura ta zuwa Maraɗi,
da wanduna buje, da gashi kamar kan dorawa.
Daren Asabar mu kaɗa fank har kwalabe su yi tafiya a kan tebur,
in dare ya tsala mu sauko bulus,
Barau ya busa abin da ya sa direban tanka kuka
ya ce hayaƙin taba ne.

A Katsina ba a ce mana makaɗa,
makaɗi yana da ubangida, yana da gado.
Mu 'yan iska ne masu lantarki.
Mahaifina bai taɓa furta kalmar jita ba har ya rasu,
sai dai ya ce, “Iro, ina katakon nan naka?”

Faifai ɗaya muka yi, a Kaduna, cikin yini guda.
Ana tsakiyar waƙa ta biyu sanda ta kuɓuce wa Mati,
ganga ta yi tuntuɓe, ta yi ɗingishi taku uku
kafin ta miƙe.
Mai ɗaukar sauti ya ce kuɗinmu sun ƙare, ba maimaici.
Shekara arba'in da bakwai muna yi masa gori.
Ko a zaman makokin Barau sai da Lamidi ya tuna masa.

Aka daina kiranmu a hankali, kamar yadda rijiya ke ƙafewa.
Kaset ya zo, ya fi mu arha, ba ya cin tuwo.
Kulob ya zama shagon siminti.
Lamidi ya bar molo mai lantarki ya hau keken ɗinki,
har yau ƙafarsa ba ta saɓa lokaci.
Mati na faci a hanyar Jibiya, yana dukan taya.
Ni ina gyaran rediyo, ina farfaɗo da muryoyin wasu.

Ran Alhamis ɗin nan jikata Hinde ta zo shago da waya.
Ta ce, “Kaka, ji abin da ake rawa da shi yanzu.”
Wasu yara ne a wata ƙasa, ban san yarensu ba,
amma a ƙarƙashin surutunsu
ga ɗingishin nan.
Taku uku. An yanko shi, an ɗaura kansa da jelarsa,
yana zagayowa, yana zagayowa, ba ya miƙewa.
Ba jitata, ba ƙahon Barau,
duk gwanintarmu sun zubar kamar ɓawon gyaɗa,
tuntuɓen kaɗai suka tsinta.

Na aika aka kira su.
Aka kawo Bitrus a Keke Napep.
Muka sa waya cikin kwanon sha don ta ƙara amo.
Ba wanda ya yi zancen kuɗi, mun san ba za su zo ba.
Lamidi ya cire hula, ya mayar.
Yatsa ɗaya a mataccen hannun Bitrus,
wallahi na gani, ya motsa.

Mati ya saurara har sau huɗu,
ya goge baƙin mai a gaban rigarsa,
ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce,
“Da gangan na yi.”

Ƙarya yake.
Muka ce, “Mun sani.”